Tilandisiya: Me Ya Sa Gindin Tsirona Ke Yin Baƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni kyautar ɗan tsiron nan da ake kira tilandisiya, aka ce ba ya son ƙasa, da iska yake rayuwa. Na sa shi a kwalba mai ƙaramin baki a kan tebur, ina fesa masa ruwa kowane dare. Yanzu gindinsa ya fara baƙi, wasu ganyen na zarewa. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya ne ba ya son ƙasa, amma maganar cewa iska kaɗai ta ishe shi ta kashe da yawa daga cikinsu. Naki kuma ba ƙishi ke damunsa ba. Kwana yake yi a jiƙe.

Tilandisiya dangin abarba ce, tana da iri kusan 650, asalinta daga kudancin ƙasar Amurka ne, ta ratsa Meziko har Ajantina. A can kan rassan itatuwa da duwatsu take maƙalewa. Saiwarta ta riƙo ce kawai. Da ganye take shan ruwa, ta wannan farin gari-garin da kike gani a jikinta, don haka kar ki goge shi da sunan ƙura. Ruwan sama kan jiƙa ta, iska ta busar da ita nan da nan. Wannan bushewar ce kwalbarki ta hana. Ruwa ya gangara ya taru a gindi, ba hanyar fita. Ga shi kuma da dare tsiron ke buɗe ƙofofin ganyensa ya shaƙi iska, ke kuwa a lokacin kike lulluɓe su da ruwa.

Fito da shi yau. Cire ganyen waje da suka yi laushi, ki ja na tsakiya a hankali. In sun riƙe, akwai sauran rai: kife shi a inda iska ke kaɗawa, ki bar shi kwana uku ba ruwa. In sun zare, gindin na wari, to ki yi haƙuri, ruɓar ta kai zuciya, ba ya dawowa.

Daga nan sai ki koma ban ruwan safe. Sau ɗaya a mako ki nitsa shi a kwano minti 20 zuwa 30, ki girgije, ki kife shi har ya bushe ƙarau cikin awa 4. Ruwan sama ya fi. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. In kin ga ganyen na naɗewa, bakinsu na bushewa, ƙishi ne, sai ki ƙara. Masu fari-fari sosai sun fi koraye shar jure fari.

Haske yake so mai yawa, kusa da taga, ba tsakar rana kai tsaye ba. Ni na fi son a ɗora shi a kan guntun itace a sarari. In za ki ɗaure shi, ki guji wayar jan ƙarfe, guba ce gare shi.

In Allah ya sa ya farfaɗo har ya yi fure, sau ɗaya zai yi a rayuwarsa, sannan 'ya'ya su tsiro a gindinsa. Kar ki raba su da uwar sai sun kai sulusin girmanta.