Amsa ga mai gidan burodi: karatun kasuwanci ko tanda ta biyu?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da gidan burodi mai ma'aikata tara, ka tara wasu kuɗi, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci na ƙarshen mako da sayen tanda ta biyu. Ka kuma ce wani ya faɗa maka cewa binciken da ake yi a makarantun kasuwanci na manyan kamfanonin Turawa ne, babu ruwansa da irinmu. Ni sana'ata ɗinkin kayan 'yan makaranta ce, yau shekara 18, kuma na taɓa zama a irin ajin da kake sha'awa, ranakun Asabar da Lahadi, har na samu difloma a fannin gudanarwa. Saboda haka zan faɗa maka abin da na gani da idona da kuma abin da na karanta.

Wanda ya faɗa maka waccan magana bai bincika ba. Binciken da ya fi yi mini amfani a rayuwata ta sana'a an yi shi ne a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya, aka buga shi a 2013. Nicholas Bloom da John Roberts na jami'ar Stanford, da David McKenzie na Bankin Duniya, da abokan aikinsu, sun ɗauki kamfanonin saƙa 17, dukkansu na gida ɗaya ne, wato uba da 'ya'ya da 'yan'uwa ke riƙe da su kamar yadda muke yi a nan. Suka yi ƙuri'a, wasu masaƙun aka tura musu ƙwararrun masu ba da shawara suka zauna da su wata biyar, wasu kuma aka duba su na wata guda kawai aka bar su. Abubuwan da aka koyar guda 38 ne, kuma idan ka ji su za ka ce ai kowa ya sani: a rubuta kowane aibi da aka samu a yadi da injin da ya fito daga gare shi, a jera zare a sito kowane launi da alamarsa, a riƙa duba inji a kan kari tun kafin ya tsaya, a share ƙasa, a zauna kowace safiya a duba aikin jiya. A shekarar farko ingancin aikin masaƙun da aka koyar ya ƙaru da kashi 17 cikin 100, da injinansu na da, da ma'aikatansu na da.

Lokacin da na karanta wannan sai na ga tamkar shagona ake kwatantawa. A lokacin ina da teloli 11, kuma idan ka tambaye ni riga nawa ake fitarwa daga bandir guda sai in ba ka amsa da ka, ina ganin na sani. Na sayi littafi na ajiye a teburin yanka, na ce duk bandir ɗin da aka buɗe a rubuta ranar, da wanda ya yanka, da adadin rigunan da suka fito, da ƙyallen da ya rage. Cikin mako shida na gano cewa tsakanin masu yanka biyu akwai bambancin riga uku zuwa huɗu a kowane bandir. Zuciyata ta fara raya mini sata, amma da na tsaya a kansu na ga ɗayan yana shimfiɗa awo ne ba tare da ya haɗa ƙananan riguna da manya a shimfiɗa ɗaya ba, shi ya sa gefe yake tafiya a banza. Mutumin kirki ne, shekarunsa shida tare da ni, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa. Shekara shida ina asarar nan ban sani ba, alhali kullum kukana shi ne ƙarancin jari.

Akwai wani abu kuma a binciken na Indiya da ya fi wannan taɓa ni. Masu binciken sun lura cewa abin da ya fi nuna girman kamfani shi ne yawan maza 'yan'uwa da 'ya'yan da mai shi yake da su, domin masu masaƙun ba sa yarda su damƙa wa bare sito ko sayayya, suna tsoron a cuce su. Wanda yake da ƙanne uku sai ya buɗe masaƙa huɗu, wanda ba shi da kowa sai ya tsaya a ɗaya ko da ya fi su iya aiki. Duk wanda ya zauna a Kantin Kwari ko Singa ya san wannan hali. Muna kiransa rashin amana a wurin yara, kuma lallai akwai shi, amma sau da yawa mu ne ba mu da rubutun da zai nuna mana wa ya riƙe amana, wa ya ci, sai mu zargi kowa, mu ƙi matsawa daga bakin aljihun tebur. Masaƙun da suka fara rubuta komai sun samu damar sakar wa manajojinsu hannu, har suka buɗe sababbin rassa. Ka yi tunanin wannan sosai, domin tanda ta biyu tana nufin aikin dare ko wuri na biyu, kuma ba za ka iya tsayawa a kan duka biyun ba.

A kan zaman aji kuwa, gaskiya sakamakon bai ƙarfafa gwiwa sosai ba. A Lome ta ƙasar Togo an gwada ƙananan 'yan kasuwa 1,500, aka raba su gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, irin su lissafi da talla da tsarin ma'aikata. Kashi na biyu aka ba su wani horo da Michael Frese, masanin halayyar ɗan Adam daga Jamus, ya tsara, wanda yake koya wa mutum ya fara abu da kansa ba sai an tura shi ba, ya hango matsala kafin ta iso, ya nemi abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa, kuma kada cikas ya mayar da shi gida. Kashi na uku ba a ba su komai ba. Bayan shekara biyu, kamar yadda aka buga a mujallar Science a 2017, ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu darussan da aka saba kuwa da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a tabbatar ba sa'a ce kawai ba. Haka kuma a Jamhuriyar Dominika an ga cewa koya wa mutum ya ware kuɗin sana'a da kuɗin cefane, kowanne da aljihunsa, ya yanka wa kansa albashi, ya fi tasiri a kan koya masa cikakken ilmin akanta, musamman ga waɗanda karatunsu bai yi nisa ba.

Binciken da ya fi kusa da kai shi ne wanda aka yi a nan Nijeriya. Stephen Anderson da David McKenzie sun bi ƙananan kamfanoni 753 masu ma'aikata daga 2 zuwa 15, wato ajinka ke nan. Wasu aka ba mai kamfanin horo, wasu aka tura musu mai ba da shawara, wasu aka taimaka musu suka ɗauki akanta ko mai talla aiki, wasu kuma suka ba wani kamfani na waje kwangilar wannan aiki. Horon mai kamfani bai canza abu mai yawa ba. Ɗaukar ƙwararre ko ba shi kwangila ya fi horon gyara yadda ake tafiyar da kamfani, kuma ya yi kafaɗa da kafaɗa da mai ba da shawara a kan rabin kuɗin. Ni ma abin da na gani ke nan. Na ci jarrabawar lissafin kuɗi a makaranta, amma littattafan shagona ba su daidaita ba sai da na ɗauki wata yarinya mai difloma a akanta tana zuwa kwana uku a mako, domin ni ina yawon neman kwangila a makarantu, babu lokacin da zan zauna in bi rasit ɗaya bayan ɗaya.

Ba ina cewa jari ba shi da muhimmanci ba ne. Gasar YouWiN da gwamnatin tarayya ta fara a 2011 ta ba mutum 1,200 tallafi a zagayen farko, kimanin dala 50,000 kowanne a matsakaici, kuma da yake an zaɓi wasu daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a an iya auna tasirin kuɗin sosai. Bayan shekara uku waɗanda suka samu sun fi waɗanda ba su samu ba ɗorewa, sun kuma fi su kaiwa ga ma'aikata goma ko fiye. Kuɗi yana aiki idan ya faɗa hannun wanda ya san inda zai sa shi. Haka nan karatun da na yi bai tafi a banza ba, domin a can na koyi karanta irin waɗannan bincike, na kuma haɗu da mutanen da har yau muke hulɗa. Idan burinka nan gaba shi ne aikin banki ko babban kamfani, takardar tana da ƙima. Amma tambayarka a kan gidan burodi ce.

Tun da ka ambaci makarantun kasuwanci, za su yi maka dogon darasi a kan haƙƙin al'umma da ke wuyan kamfani. A wurin mai gidan burodi wannan haƙƙi a bayyane yake. Hukumar NAFDAC ta hana sa sinadarin buromet a burodi tun zamanin tsohuwar shugabarta Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya, kuma har yanzu akwai masu sa shi a ɓoye don burodi ya kumbura. Akwai masu rage nauyi su bar farashi yadda yake ba tare da sanar da mai saye ba. Akwai kuma yaran da ke kwana a gaban wuta, waɗanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe. Idan tanda ta biyu za ta sa ka matse albashinsu ko ka jinkirta shi, to lokacinta bai yi ba. Ni na ga yadda jinkirin albashi na wata biyu ya raba ni da teloli uku mafi ƙwarewa a shekarar da na ciyo bashin sababbin kekuna, kuma laifina ne.

Da ni ne a matsayinka, ɗan'uwa, da na ajiye kuɗin nan wata uku ban taɓa su ba. A cikin wata ukun a riƙa rubuta burodi nawa ke fitowa daga kowane buhun fulawa a hannun kowane mai kwaɓi, nawa ne ya ƙone, nawa ne ya dawo kwantai, nawa ake bin kowane mai shayi da kowane mai kanti da kuma kwanakin da bashin ya yi, sannan awa nawa tandar da kake da ita take aiki a rana. Ka nemi mai ilmin akanta ko da na kwana biyu a mako ne ya riƙa haɗa maka alƙaluman kowace Juma'a. Idan littafin ya nuna tandarka ba ta hutawa, kana mayar da masu saye hannu rabbana, kuma bashin da ke waje bai cinye ribar ba, ka sayi ta biyun da kwanciyar hankali. Idan kuwa ya nuna tana kwana rabin yini a kashe, ko kwantai da bashi ne ke shan kuɗinka, to ka ga inda za ka fara gyara, kuma kuɗin karatun suna nan har zangon shekara mai zuwa. Idan ka fara rubutun ka ci karo da abin da bai fito maka ba, ka kawo alƙaluman mu duba tare. Allah ya sa albarka a nema.