Amsa: kwamfutar da ke sandarewa a Linux

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce laftof ɗinka mai Celeron N2840 tana sandarewa ba gaira ba dalili, linzami ba ya motsi, sai ka danne maɓallin wuta. Na sha wannan wahala a shagona nan Marwa, har na kusa sayar da tawa a banza.

Furosesan nan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan gidan Bay Trail ne na kamfanin Intel, kuma an san matsalarsu. Idan ba aiki, kanel, wato zuciyar Linux, yakan sa shi barci mai nauyi don tsimin batir, shi kuma wani lokaci ba ya farkowa. Shi ya sa ba ka ganin komai a rajistar kurakurai: na'urar ta mace kafin ta rubuta.

Buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, nemo layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, ƙara intel_idle.max_cstate=1 a cikin alamun zance, ka adana, ka buga umarnin sudo update-grub, ka sake kunnawa. Wannan zai hana furosesan wuce gyangyaɗi ya shiga barci mai nauyi. Batir zai riƙa saurin ƙarewa, gindinta kuma zai ɗan ƙara ɗumi. Ni dai na gwammace haka da aikin kwastoma ya salwanta ana tsakiyar bugawa.

Amma don Allah kafin nan ka hure ƙurar hunturu daga ramukan iska, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya sandarar da ita. In ta ci gaba bayan gyaran, bar manhajar gwaji ta memtest86+ ta kwana tana gwada ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Jan layi ko ɗaya ya fito, canza ram ɗin.