Tambaya da Amsa: Ina Addu'a, Amma Kamar Allah Ya Yi Mini Nisa

Tambaya: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mai bi ce tun ƙuruciya, kuma ni ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu. Wata takwas na yi ina jinyar mahaifiyata kafin ta rasu, kuma tun daga lokacin, idan na durƙusa yin addu'a sai in ji kamar da bango nake magana. Ina ɗaura zanen zumunta in je majami'a in rera waƙa, amma bakina kaɗai ke yi. Wata 'yar'uwa ta ce lalle akwai zunubin da ban tuba daga gare shi ba. Shin Allah ya juya mini baya ne?
'Yarka cikin Almasihu, daga Gombe.

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Maganar 'yar'uwar nan tana da tushe, domin Ishaya 59:2 ya nuna cewa laifi yana shiga tsakanin mutum da Allahnsa, amma ta yi gaggawar yanke miki hukunci, kuma irin wannan gaggawa ce Allah ya tsawata wa abokan Ayuba a kanta. Zunubin da Ruhu Mai Tsarki yake nuna wa mutum yana da suna: gaba da wata, ko ƙarya, ko haƙƙin wani da aka danne. Idan kin san akwai irinsa, ki bi Matiyu 5:23-24, ki je ki shirya da mai shi. Idan kuwa kin bincika zuciyarki ba ki sami komai ba sai nauyi marar suna, kada ki ƙirƙiro wa kanki laifi.

Abin da na fi gani a wasiƙarki shi ne gajiya da makoki. Ki karanta 1 Sarakuna 19 a tsanake. Annabi Iliya, wanda bai daɗe da yin nasara a kan annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel ba, ya gudu jeji saboda barazanar sarauniya Yezebel, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi daga barci ya nuna masa waina da butar ruwa a wajen kansa, ya bar shi ya sake kwanciya, sa'an nan ya dawo ya ciyar da shi karo na biyu. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb Allah ya yi masa magana, kuma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin 'yar murya marar ƙarfi. Macen da ta yi wata takwas tana kwana a zaune kusa da gadon mahaifiyarta, tana juya ta tana wanke mata kaya, ba abin mamaki ba ne idan ranta ya bushe kamar yadda jikinta ya gaji.

Ki sani kuma cewa kukan nan da kike yi addu'a ne. Sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah har yaushe a Zabura 13, Zabura 88 kuwa da duhu ta ƙare, ba tare da an warware wa mai ita komai ba, amma duk da haka tana cikin Littafi Mai Tsarki. Yesu da kansa, a kan gicciye, da farkon Zabura 22 ya yi kuka. A ganina, mu masu wa'azi mun yi sakaci da muka bar masu bi suna zaton cewa addu'ar murna kaɗai Allah yake karɓa.

Saboda haka, kowace safiya ki karanta ɗaya daga cikin waɗannan zabura a bayyane, ki bar ta ta zama addu'arki, ko da ba ki ƙara kalma ɗaya taki ba, tunda Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da muka rasa abin faɗa. Kada ki ƙaurace wa sujada ko Jibin Ubangiji, amma ki roƙi shugabar zumunta ta ba wata ba da waƙa na ɗan lokaci, ke ki zauna a yi miki waƙa. Ki nemi dattijuwa guda mai riƙon amana ki gaya mata abin da kika rubuto mini. Idan kuma barci da cin abinci sun ƙi daidaita har tsawon makonni, ko tunanin mutuwa ya fara zo miki, ki je ki ga likita ba tare da jinkiri ba, ki kuma sanar da faston ikkilisiyarku.