Yana da hadda, amma littafi ya gagare shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto miki. Ɗana shekararsa 9, ya haddace izu biyu a khalwa, wato makarantar allo, amma idan aka buɗe masa littafin aji uku sai ya tsaya cak, ko harafin ba da na ta ba ya bambancewa. Malaminsa ya ce wasa ne ya yi masa yawa, babansa kuma yana so a cire shi a kai shi kasuwa. A gida Hausa muke yi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Kada a cire shi. Yaron da ya riƙe izu biyu ba dolo ba ne, sai dai haddar ce ta daɗe tana rufa masa asiri: yana jin 'yan'uwansa suna biyawa, ya ɗauka da kunne, yana bin allo da yatsa, kowa ya zaci karantawa yake.

Ki fara da kai shi a duba idonsa da kunnensa, ko da kina ganin lafiyarsu ƙalau. Sannan ki lissafa watannin da ya zauna a aji da gaske, don tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 makarantu da yawa sun daɗe a rufe, kuma wanda ba a koya wa ba ba a ce ya kasa.

Bayan nan akwai gwajin da za ki yi a tsakar gida, da baki, da Hausa. Ki ce masa, "Cire 'ma' daga kalmar 'makaranta', me ya rage?" Ko kuma, "Gida da gero da tuwo, wanne ne bai fara kamar sauran ba?" Idan ya amsa da sauri, wataƙila Larabcin littafi ne bai zauna masa ba tukuna. Idan kuwa ya yi ta kame-kame a harshen da ya sha a nono, alhali sa'o'insa na amsawa, to zargina ya fi karkata ga dislaksiya. Gwajin ba ya yanke hukunci, alama ce kawai.

Dislaksiya wahala ce ta rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowanne da harafinsa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma takan bi jini, don haka ki tuna ko a dangi akwai wanda karatu ya taɓa wahalar da shi haka. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin kai wanda karatu ya gagara, har malaminsa yana cewa da da baki ake komai, da babu kamarsa a makarantar.

Rubutun Larabci yana ƙara wa irin wannan yaro nauyi. Haruffa 28 ne, amma da yawansu jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su: ba, ta, sa, jim, ha, kha. Harafi kuma yakan sauya kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Ana yin gaba wasali ya fara raguwa a littattafai, yaron da bai kama babbaƙu ba a ce ya cike farfaru da kansa.

Aikin da za ki yi a gida bai fi na minti 15 a rana ba, amma kullum. Harafi ɗaya za ku ɗauka, kada ki haɗa shi da ɗan'uwansa mai kama da shi sai ya zauna daram. Ya rubuta shi babba da yatsa a rairayi yana furta sautinsa, ya sa tsakuwa a wurin ɗigo, sannan ya nemo shi a cikin surar da ya riga ya haddace. A nan haddar za ta yi masa rana, tunda ya san abin da zai tarar kafin ya gani. Ni ina ganin allo ya fi littafi dacewa da shi a yanzu, saboda hannu da baki da ido suna aiki tare. Bulala ce kawai ba ta da gurbi, tsoro ke sa abin da ya sani ya gudu.

Ki je wurin malaminsa cikin girmamawa, ba da ƙorafi ba, shi ma aji ya cika masa. Ki roƙi a zaunar da shi a gaba, a daina tayar da shi karatu a gaban jama'a ba shiri, a rage masa kwafe daga allon bango, a yi masa wasu tambayoyin jarrabawa da baki. Wannan ba alfarma ba ce. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2009, kuma sashe na 24 ya tanadi su yi karatu tare da sauran yara, da tallafin da ya dace da kowanne.

Shi kuma maigida, a lallaɓa shi ya ba ku zango biyu. Ki riƙa adana littattafan rubutun yaron da kwanan wata. Idan lokacin ya cika ba ki ga sauyi ba, ki tafi da su wurin ƙwararre kan matsalolin koyo, kurakuran da yake maimaitawa su za a fara dubawa.