Amsa ga Kawu kan wasan kwaikwayon da ba a biyan kowa a Kanada

Assalamu alaikum Kawu. Muna gaisuwa da fatan alheri, a gaishe mana da mutanen Zariya baki ɗaya. Tambayarka ta iso mu. Ka ce an nuna maka hoton yaranmu na nan Kanada a kan dandamali, an kuma gaya maka likitoci da lauyoyi na shiga wasan ba a biyansu ko sisi, shi ne kake son sanin ko mun mai da 'ya'ya 'yan wasa. Ba sana'a ba ce, Kawu. A ƙasar nan manyan gari ne suka fara wannan abu, kuma daga bariki ya fito.

Turawan Ingila sun kafa Halifax a 1749, suka ci Quebec a 1759, suka girke soja a garuruwa irin su Montreal da Kingston. Idan hunturu ya shigo kogin St. Lawrence yakan daskare, jirgin ruwa ba ya hawa daga wajen Disamba har Afrilu. Ba yaƙi, labarin gida ma sai a hankali, rana kuma ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Soja ya rasa abin yi sai giya da caca, wani ma ya tsere ya ƙetara Amurka. Hafsoshi suka ga wasan kwaikwayo zai cinye musu dogon dare, kuma zai haɗa su da attajiran gari. A Halifax har gidan wasa aka buɗe a titin Argyle a 1789, hafsoshin bariki da manyan gari ne kan gaba.

Tsarin kuwa na soja ne sak. Sai kwamanda ya ba da izini, sau da yawa shi ne ma uban taro. A zaɓi hafsa ɗaya ya zama manaja, shi ke zaɓen wasa da rabon matsayi. Wuri kuma duk abin da ya samu: sito, rumfar atisaye, ko babban ɗakin masauki. Kafintocin bataliya su kafa dandamali da katako, telolinta su ɗinka kaya, 'yan badujala su zauna gaba su yi kiɗa tsakanin fitowa da fitowa. Zanen bango yakan faɗa hannun hafsoshin injiniya da na igwa, domin an koya musu zanen ƙasa a makarantar soja ta Woolwich. Ana ɗaura yadi a jikin firam na katako, a shafe shi da alli da aka kwaɓa da danƙo, sannan a zana daji ko falo. Idan danƙon ya yi kaɗan fenti ya riƙa zuba kamar gari, idan ya yi yawa ya tsattsage da zarar an naɗe zanen.

A dare ɗaya wasa biyu aka saba yi: dogo mai kashi biyar, sai gajere na barkwanci a rufe da shi. Littafin wasan daga Landan yake zuwa, sau da yawa kwafi ɗaya tak, saboda haka kowane ɗan wasa ana kwafe masa nasa layukan ne da hannu, tare da kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi. A nan ake yawan samun tangarɗa. Mutum bai san sauran labarin ba, kalma uku kawai yake jira. Idan abokinsa ya tsallake su, sai a tsaya ana kallon-kallo. Shi ya sa ake ajiye mutum ɗaya a gefen labule da cikakken littafi yana raɗa wa wanda ya manta.

Haske shi ne babban haɗari. Ana jera kyandir ko fitilun mai a bakin dandamali daidai ƙafar 'yan wasa. Kyandir na kitse yana hayaƙi, kuma sai an riƙa datse lagwaninsa a kai a kai, in ba haka ba ya dushe. Doguwar riga ta gifta kusa, wuta ta kama. Don haka bokitin ruwa da jiƙaƙƙen bargo ba sa nisa. Wata matsalar kuma ba ta da magani: an yi makonni ana gwaji, sai takarda ta zo an ɗauke bataliya zuwa wani gari, jarumin wasa ya tafi da ita.

Maganar mata kuwa, wadda muka san ita ce ta fi damunka, su ma Turawan wancan zamani ta dame su. Ganin matar mutunci a kan dandamali gaban wanda ya biya kuɗin ƙofa abin kunya ne a wurinsu. Sai ƙaramin hafsa wanda gemu bai tsiro masa ba ya ɗaura kayan mata, kusan yadda yaranmu ke yi a tashe. Marubucin nan Charles Dickens, da ya zo Montreal a watan Mayu na 1842, shi ya shirya wa hafsoshin bariki wasansu, ya kuma fito a ciki. A daren da aka yi wa waɗanda aka gayyata kawai, matan manya ne suka fito, har da matarsa. Da za a maimaita wa jama'ar gari masu sayen tikiti, sai aka janye su aka kawo 'yan wasa mata na sana'a. Kuɗin da ya ragu bayan an biya kyandir da katako akan ba matan soja da mazansu suka mutu da marayu ko talakawan gari, wannan ne ma ya rufe bakin limaman coci da yawa masu ƙyamar abin.

Sojan Ingila sun janye daga yawancin Kanada a 1871, Halifax ce ta riƙe su har farkon ƙarni na 20. Al'adar ta zauna a hannun farar hula. Ƙungiyar Ottawa Little Theatre tun 1913 take, har yau 'yan sa-kai ne ke fitowa a cikinta.

To ga yadda mu Hausawan nan muke bi da shi. Galibi ana gwaji wata ɗaya da rabi zuwa biyu, dare biyu ko uku a mako, bayan an tashi daga aiki da makaranta. Kafin yaro ya je a gwada shi, uba ko uwa su karɓi rubutun su karanta tun daga farko har ƙarshe. Idan akwai runguma ko sumba ko shan giya a matsayin da ake so ya fito, a lokacin ake faɗa. Wanda ya yi shiru sai mako na biyar ya ce ɗansa ba zai yi ba ya ɓata wa mutum ashirin aiki, kuma ba za su manta ba. Yarinya mai hijabi takan sanar da mai kula da sutura tun ranar awo, a ɗinka kayan yadda za su hau kansa.

Kalanda ma ana dubawa. Makon ƙarshe kafin buɗewa kullum ake zuwa, har goma na dare ko fiye, saboda a lokacin ake haɗa haske da sauti da kaya. Idan makon ya faɗo cikin azumi, ko lokacin jarrabawa, yawancinmu mukan ce a bari sai wasa na gaba. Da bazara magariba kan kai wajen ƙarfe tara, tsakiyar wasa ke nan, sai a roƙi manajan dandamali wani lungu mai tsabta a yi salla a hutun rabin lokaci, wanda yakan kai minti goma sha biyar.

Gidan da bai yarda ɗansa ya fito gaban jama'a ba, ba a matsa masa. Akwai aikin fitilu, da fenti, da ɗinki, da karɓar tikiti a ƙofa, kuma kullum hannu ake nema a can. Yaran da ka gani a hoto, Kawu, biyu daga cikinsu ma guduma suke riƙewa, an kira su ne kawai su fito a gaisa da 'yan kallo.