Kujera ko zaman ƙasa: wanne ya fi a farautar koyoti?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kansas ta Amurka, kuma tun shigowar hunturun bana abokan aikina suke tafiya da ni farautar koyoti a filin wani makiyayi da dabbar ta addaba da kashe masa 'yan raguna. Yadda muke yi, mu ajiye na'ura mai kukan zomo, mu koma gefe mu zauna dako. Damuwata zaman ƙasa: kafin minti goma ƙafata ta yi mijirya, sanyi ya ratsa ni, ga ciyawa ta tare mini gani. Na sayo kujera mai ƙafa uku wadda ake naɗewa, sai suka ce na yi tsayi da yawa, dabba za ta hango ni. Gwafar da nake ɗora bindiga ma ta yi mini gajarta. Shekaruna sun haura hamsin, gwiwa kuma ba kamar da ba. In ci gaba da kujerar, ko in haƙura in koma ƙasa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokanka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ba ta cika ba. Koyoti, ga masu karatun da ba su san shi ba, ɗan'uwan dila ne, ya ɗan fi shi girma, nauyinsa daga kilo 9 zuwa 20 da ɗoriya. Idonsa ya fi saurin kama motsi a kan siffa. Wanda ya zauna a kujera cikin inuwa bai ko ƙyafta ba ya fi ɓoyuwa a kan wanda ke ƙasa yana ta gyara zama. Dakon koyoti yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 a wuri ɗaya. Marasa wayo sukan faɗo a guje tun a minti biyar na farko, amma tsoho wanda ya sha ganin maharba sai ya makara, ya ja ya tsaya can nesa, mita 200 ko 300, ya ƙura wa wurin ido. Daidai lokacin ne ƙafarka ta mutu kake neman miƙe ta. Shi ke nan, ya juya, ba ka ma san ya zo ba.

Saboda haka kada ka koma zaman da ba za ka iya jurewa ba. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: ka zauna a kan mafi gajartar abin da zai bar ka ka ga bayan ciyawa. Tsayin koyoti a kafaɗa bai wuce santimita 55 zuwa 65 ba. Idonka kuwa in kana zaune a ƙasa yana wajen santimita 80, a kan kujerarka mai ƙafa uku kuma yana kusan 120. A yammacin Kansas, inda ciyawar kiwo gajera ce kuma gonakin alkama shimfiɗe suke, zaman ƙasa ya isa. A gabas, yankin tuddan Flint Hills, ciyawa takan kai ƙugu ko ta wuce, wanda ya zauna a ƙasa a can kukan zomo kawai ya je saurare. Da ka isa wuri, tsuguna ka duba kafin ka shimfiɗa komai: in kana iya ganin ƙasa a tazarar taku ɗari, ba ka buƙatar doguwar kujera.

Abin zama iri uku ne maharba ke ɗauka. Na farko guntun soso mai tauri, irin wanda ba ya shan ruwa, kaurin santimita uku zuwa biyar. Ba shi da nauyi, ba ya ƙara, yana tare sanyin ƙasa da danshi, yana kuma kare ka daga ƙaya, domin filayen can suna da wata ciyawa 'yar'uwar ƙarangiya wadda ke maƙalewa a wando kamar yadda ka sani a gida. Soson katifa mai laushi ba ya yin wannan aikin: yana lotsewa ka koma kan ƙasa, ya kuma tsotse raɓa. Illar soso ita ce babu majingina, sai in ka sami itace ko turken shinge.

Na biyu shi ne wanda muke ganin ya fi dacewa da kai: gajeriyar kujera mai majingina, irin ta maharban talotalon daji, wadda mazauninta ke santimita 10 zuwa 25 daga ƙasa. Kujerar tsuguno ce dai aka yi wa baya. Akwai ma marar ƙafa sam, soso biyu da aka haɗa da maɗauri a gefe, irin wadda kamfanin Crazy Creek na jihar Montana ya yi suna da ita. Wannan ɗan tashin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In ƙugu ya ɗan ɗara dugadugai tsayi, gwiwoyi suna tashi a gabanka ba tare da ka tanƙwashe ƙafa ba, ka sami inda za ka kafa gwiwar hannu biyu, baya kuma ya jingina. Bindiga tana kan gwafa, hannu yana kan gwiwa, baya yana jingine: tsayuwar saiti ke nan da ta fi kowace in ban da kwanciya rub da ciki. Ka lura da majinginar wajen saye. Wadda ta kwanta baya sosai ta hutun bakin ruwa ce, in za ka yi harbi dole ka taso gaba, ka rasa jinginar a lokacin da ka fi buƙatarta. Nemi wadda ta kusa miƙewa, wadda kuma ba ta kai kafaɗa ba, don kada ta tokare gindin bindiga ko hannunka in kana juyawa. Mai mariƙin hannu a gefe ma ka bar ta a kanti.

Na uku ita ce irin taka, mai tsayin santimita 43 zuwa 46, da ƙanwarta bokitin roba mai cin galan biyar, wato kusan lita 19, wanda tsayinsa ke wajen santimita 37, wasu har sukan sa masa murfi mai soso da ke juyawa. Kada ka yar da ita, tana da ranarta: doguwar ciyawa, dusar ƙanƙara mai zurfi, ƙasa mai taɓo. Amma tana da aibi biyu da ya kamata ka sani. Gwiwoyinka suna yin ƙasa, gwiwar hannu ba ta samun matokara, sai ka ga alamar saiti tana lilo a jikin dabba. Wurin da harsashi zai kashe koyoti nan take, wato ƙirji, faɗinsa bai fi na ƙaramin faranti ba, santimita 12 zuwa 15, don haka ɗan lilo a mita 150 ya isa ya sa ka kuskure ko, mafi muni, ka ji masa rauni ya gudu da shi. Aibi na biyu shi ne wanda abokanka suka faɗa: kanka da kafaɗunka suna fitowa sama. Maganinsa ka tabbata akwai abin da ya fi ka tsayi a bayanka, kurmi ne, ko dunƙulen harawa, ko gangaren tudu. Ka zauna a gabansa, cikin inuwarsa, rana tana bayanka in iska ta yarda. Kada ka kuskura ka zauna a ƙolin tudu inda sararin sama ne a bayanka. Sauko taku biyar ko goma.

Batun gwafa kuwa, laifin ba na kujerar ba ne kaɗai. Kujera da gwafa tare ake auna su, kuma nan ne mafi yawan sababbin maharba ke yin kuskure. Ƙafafun ɗora bindiga na kamfanin Harris, waɗanda ake ɗaurawa a jikinta, mafi tsawonsu inci 27 ne, kusan santimita 69, na mai zaman ƙasa ko gajeriyar kujera. A kan kujera mai ƙafa uku bindiga tana tashi wajen mita ɗaya, sai ka rusuna don ka same ta, wuya ya ƙage, numfashi ya matse. Ga yadda za ka auna a gida: cire harsashi, ka duba cikin bindigar da idonka, sa rigunan sanyin da kake fita da su, zauna a kujerar, ɗaga bindiga zuwa kafaɗa kanka a miƙe, wani ya auna daga ƙasa zuwa ƙarƙashin katakon gaban bindigar. Ƙara santimita 15 a kan abin da ya samu, domin yawanci a gangare ake zama ana fuskantar kwari, ƙafafun gwafa suna sauka ƙasa da inda kake. Irin gwafar kamfanin Primos da ake matsa wa maƙulli ta miƙe ko ta gajarta da hannu ɗaya tana sauƙaƙa wannan, doguwarta tana kaiwa daga inci 24 zuwa 62. Sanduna biyu masu tsayin mita ɗaya da santimita 20, a ɗaure su da robar tayar keke, su ma suna yi, kana buɗa ƙafafun su sauka, ka matse su su tashi.

Yadda ake dasa kujerar ma yana da nasa ilimi. Koyoti kusan kullum yakan zagaya ta inda iska ke kai warin abin da ke kuka, don ya sansana kafin ya matso. Can za ka sa ido. Ajiye na'urar taku 30 zuwa 50 daga inda kake, ta yadda iska za ta riƙa gittawa tsakaninka da filin da kake kallo, warinka ya tafi wani wuri daban. To amma kada ka fuskanci wurin kai tsaye. Mai harbi da dama yana iya juyawa hagu da nisa, dama kuwa kaɗan ne kafin gindin bindiga ya zame daga kafaɗa. Don haka ka karkata kujerar dama, kafaɗarka ta hagu ta nuna inda kake tsammanin fitowarsa. Bahago sai ya yi akasin haka. Kafin a kunna na'ura, bindiga ta riga ta hau gwafa, gindinta a kafaɗa ko dab da ita. In ya ɓullo ta inda ba ka zata ba, bari sai ya shiga bayan kurmi ko kwari sannan ka juya. Mai ƙafa uku kuwa, ka zauna ka danna ta sosai tun farko, don ta gama nutsewa kafin dako ya fara. In ƙasar tana da laushi, tsaga tsofaffin ƙwallayen tanis ka cusa wa ƙafafun.

Mijiryar da kake fama da ita matsewar jijiya ce da ta hanyar jini. A zaman tanƙwashe ƙafa, jijiyar da ta bi ta gefen gwiwa daga waje ita ke dannuwa. A kujera mai kusurwa uku kuwa bakin tamfol ne ke yankar ƙarƙashin cinya, shi ya sa ita ma ba ta da daɗi bayan minti ashirin. Ɗora soson nan a kanta, ka zauna kusurwa ɗaya tana tsakanin cinyoyinka kamar sirdi, tafin ƙafa biyu a shimfiɗe. Fitar da walat da wuƙa daga aljihun baya. Motsa yatsun ƙafa cikin takalmi lokaci zuwa lokaci, babu dabbar da za ta ga wannan.

Sai ƙara. A safiyar sanyi marar iska, bugun ƙarfe a kan ƙarfe yana tafiya nesa, kuma mafi yawan ɓarnar tun a hanya ake yinta, daga mota zuwa wurin zama. Naɗe ƙafafun alminiyom da baƙin salatif ko tsumma, wannan yana kashe ƙyalli ma. Ɗaure su da roba kada su riƙa kaɗawa. Inda ƙarfe ke ƙugi a mahaɗa, goga masa kyandir, kada ka fesa man inji mai wari. Bokiti ganga ne in babu komai a ciki, cusa masa tsohuwar riga. Maɗauri mai ɓarewa da ƙara a cire shi a sa igiya. Nauyi kuma kada ya wuce kilo ɗaya da rabi ko biyu, ta zama mai ratayuwa a baya, domin a yini ɗaya za ku iya sauya wuri sau takwas ko goma, kuma hannu biyu kake buƙata wajen tsallaka shingen waya mai ƙaya. A nan ka cire harsashi tukuna, ka tura kujera da bindiga ta ƙarƙashi, sannan ka bi.

Kafin fita ta gaba, je filin gwaji da kujerar da gwafar, kafa ƙaramin farantin takarda a mita 100, ka yi harbi biyar daga zaune. In duka sun shiga, matsa zuwa 150, sannan 200. Inda suka fara fita, iyakarka ke nan a kan wannan kujera, ko da bindiga mai harsashi samfurin .223 ce ko .22-250 a hannunka. Ka kuma tuna cewa daga gajeriyar kujera a shimfiɗaɗɗen fili harsashi yana tafiya kusan a kwance, yana iya dukan daskararriyar ƙasa ya tashi, don haka tun kana dasa kujera ka duba abin da ke bayan filin: shanun mai gona, titi, gida, da inda kowane abokinka ya zauna.