Tambayi Malamin Dabbobi: Ragon Baba ba ya shiga gasar yara

Satin nan wasiƙu sun taru a kan gasar kiwo ta yara da matasa, na zaɓo uku. Mai tambaya kan kaji ya ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne, shekarata 16, daga wani ƙauye kusa da Maigatari. Malaminmu na aikin gona ya haɗa mana gasar kiwo wadda za a yi sati biyu kafin Babbar Sallah, shine ranar Alhamis da ta wuce Babanmu ya siyo wani Balami fari tas a kasuwa, wallahi duk garinmu babu kamarsa, na je in yi rajista da shi malam ya ce ba zai karɓa ba wai ba ni na kiwata shi ba. To ni naga ai abun Babana nawa ne, kuma a bidiyon yaran Amurka da nake gani a TikTok manyan dabbobi suke shiga da su babu mai hana su. Dan Allah wannan ba son kai bane?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ba son kai bane, malaminka ya yi daidai, kuma ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita don kusan duk rigimar da ake yi a irin wannan gasa daga nan take tasowa. Gasar yara daban, baje kolin manya daban. A na manya dabbar kawai ake kallo, ko jiya ka siyo ta babu ruwan kowa. A ta yara kuwa kiwon yaron ake aunawa, ragon shaida ne kawai. In aka bar kowa ya zo da abin da aka siyo masa a Maigatari ko Wudil ko Dambatta to an koma gasar aljihun iyaye, ɗan Alhaji ya lashe tun kafin a buga ƙararrawa, yaron da ya yi wata huɗu yana yawon yankan ciyawa da safe kafin ya tafi makaranta ya tashi a tutar babu.

Su yaran Amurkan da ka kafa hujja da su ma, ai dokarsu ta fi ta malaminka tsauri nesa ba kusa ba, bidiyon ne kawai ba ya nuna maka wannan ɓangaren. Yawancinsu ta ƙungiyoyi biyu suke shiga, 4-H ta yara da matasa da kuma FFA wadda aka kafa a 1928 don ɗalibai masu karatun noma. A 4-H galibi daga shekara 8 ko 9 ne zuwa 18, kuma ba shekarunka na ranar gasa ake lissafawa ba, akwai tsayayyiyar rana, wasu jihohi 1 ga Janairu wasu 1 ga Satumba. Ƙanana 'yan shekara 5 zuwa 7 ana barinsu su shiga ƙungiyar amma ba a jera su a ce wane na ɗaya wane na biyu. Sannan akwai ranar da dole dabba ta zama ta shiga hannun yaro, rago ko akuya a wurare da yawa wata biyu zuwa uku kafin gasa, sa kuwa ya fi haka sosai, a Texas tun watan Yuni ake tantance shanun da za a nuna a farkon shekara mai zuwa. Ranar tantancewar ana maƙala masa lamba a kunne, wasu wuraren har hancinsa suke dangwalawa a takarda kamar yadda muke dangwala yatsa ranar zaɓe, don zanen hancin sa ba ya zama ɗaya da na wani, ko su tsigi gashi su ajiye saboda gwajin ƙwayar halitta, duk don kar a yi musanya a hanya. Yaron kuma yana da littafi da yake rubuta abin da ya ciyar da kuɗin da ya kashe da maganin da aka yi.

Kuma ko malam ya rufe ido ya karɓa, filin ne zai tona ka. Akwai ɓangaren da ba ƙibar dabba ake dubawa ba, yadda yaro yake sarrafa ta ake kallo, ya ja ta, ya tsayar da ita ƙafafu daidai, alƙali ya jefo masa tambaya, me take ci, sau nawa, yaushe aka ba ta maganin tsutsa. Balamin da bai san warinka ba, ga taro ga hayaniya ga lasifika, ina tabbatar maka ko ya ja ka a ƙasa ko ya ɗauki wani da karo. Na sha gani, abin dariya abin tausayi.

Abin da za ka yi shine ka bar wa Baba ragonsa ya yi layyarsa lafiya. Bayan Sallah farashi yana sauka, ka roƙe shi ya siya maka ɗan tinkiya ko matashin ɗan ƙasa, ba sai Balami ba, Balami da Uda cinsu yawa gare shi kuma ɗan ƙasa ya fi jure abin da ya samu. Ka kafa turkenka da kanka, harawa da kowar wake da dusa da ɗan ƙuli ko angurya, ruwa mai tsafta, gishirin lasa, ka siyo littafi ɗan bugu arba'in ka dinga rubutawa. Kuma tun ranar ka je wajen malam ya rubuta kamannin ragon, ku ɗauki hoto tare da kai. Ka kuma nemi ya ba ku dokokin a rubuce, domin kowace gasa da nata, doka ta baki ita ce ke sa a rabu dutse a hannun riga.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce daga yankin Gaya. Yarinyata mai shekara 11 tana da jar akuya da kakarta ta ba ta tun tana 'yar ƙarama, ita ke yi mata komai, har ta haihu sau biyu. An ce za a yi gasa a firamarensu tana ta kuka sai ta shiga, babanta ya ce wannan harkar maza ce kuma ma akuya ba ta shiga sai rago. Haka ne? Kuma me ake buƙata?

AMSA: Barka kadai Hajiya, a gaida min mutuniyar. A ba Maigida haƙuri, amma a garuruwanmu wa ke riƙe da awaki in ba mata da yara mata ba? Ban san wata ƙa'ida ta kiwo da ta hana 'ya mace ba, a can ƙasashen ma 'yan mata cike suke da filin. In dai ba takardar makarantar ce ta ce raguna kaɗai ba, akuya tana da nata rukuni, kuma ba da turkakken rago za a haɗa ta ba. Ana raba na yanka daban, inda nama da nauyi ake nema, da na haihuwa daban, inda alƙali zai duba hantsa da ƙafafu da faɗin baya da yadda take raino. Akuyar da ta haihu sau biyu a hannun yarinya ai ta zo da takardar shaidarta. Jar akuya kuma ba abin rainawa bace, tana yawan yin tagwaye, kuma fatarta ce aka dinga jemewa ana ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko alhali daga nan ƙasar Hausa take.

Kyautar kaka mallaka ce, babu matsala. Abin da zan ja kunnenki a kai shine lafiya. A kai ta wajen malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a yi mata rigakafin ciwon nan na majina da zawo da ke kashe awaki da tumaki, wanda likitoci ke cewa PPR, allurar da ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a yi aƙalla sati uku kafin ranar. In tana da ƙazuwa ko ƙuraje a baki ko tari, a bar ta a gida ko da yarinya za ta yi kuka, don dabba ɗaya sai ta shafa wa duk filin. In cikinta ya tsufa ma kar a wahalar da ita. A yanke mata kofato, a cire kaska, a wanke ta kwana ɗaya kafin nan. Da kun dawo kuma kar a sake ta cikin 'yan uwanta, a ɗaure ta gefe sati biyu zuwa uku a ga abin da ta kwaso. Ranar gasar ke da babanta ku tsaya bayan igiya, yarinya ce za ta riƙe abinta, in babba ya sa hannu a fili ana iya cire ta.

TAMBAYA: Kawu, an ce sai ragon da bai wuce shekara ɗaya ba, ya za a gane tunda ba takardar haihuwa gare shi ba? Kuma wani abokina ya ce in ba shi sha ka fashe ya ciko kafin ranar. Daga wani matashi, yankin Ringim.

AMSA: Takardar haihuwarsa tana bakinsa ɗana. Buɗe ka duba haƙoran gaba na ƙasa, guda takwas ne, sama babu. In duk ƙanana ne na nono bai yi famfara ba, to galibi bai wuce ba. Manya biyu na tsakiya suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, huɗu wajen shekara biyu, takwas cif wajen shekara huɗu. Abin da alƙali zai duba kenan.

Sha ka fashe kuwa, abokinka bai so ka da arziki ba. Irin waɗannan ƙwayoyin suna raunana garkuwar jikin dabba, mai ciki kuma suna iya sa ta ɓari, sannan ragon nan ƙarshensa tukunyar mutane ce. Haka masu ɗura kanwa da ruwa don ciki ya tashi, alƙali da ya san aikinsa ba ciki yake kallo ba, hannu yake ɗorawa a gadon baya da cinya ya ji nama. A manyan gasannin Amurka har fitsarin wanda ya ci ake aunawa, in an samu magani a ƙwace kyautar. Ko allurar halal ta ciwo aka yi masa, ka karanta jikin kwalbar, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a yanka, wasu har wajen sati huɗu, ka rubuta ranar da aka yi ta ka nuna wa malaminku lokacin rajista.